Margarete Steiff: Telar Da Shan Inna Bai Hana Ta Ɗinka Giwa Ba



Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kaduna, in kika shiga gidaje a Unguwar Rimi, ko Badarawa, ko Unguwar Sarki, ko can Kawo, da wuya ki rasa wata zaune a tsakar gida bayan la'asar, ƙullin ulu yana birgima a gefen tabarma, kwarashi yana ta kai da kawowa a hannunta. Wannan hular jariri take yi, waccan safa, wata kuwa shawul take sauri ta gama kafin ranar suna. 'Yan matan yanzu har sun ƙaro wani salo, watau saƙa 'yan ƙananan dabbobi, zomo da kyanwa da agwagwa, a cusa musu auduga a ba yaro ya runguma. Amma in ka yaba wa mace wannan aiki, sai ta yi dariya ta ce ai abin kashe lokaci ne kawai.

To, yau labarin wata mata zan ba ki wadda ita ma da irin wannan wasa ta fara. Sunanta Margarete Steiff, Bajamushiya ce. Ba da kwarashi ta yi suna ba, da allura da keken ɗinki ne, amma duk wadda ta taɓa cusa auduga a cikin ɗan zomo ta ɗinke bakinsa, to layinsu ɗaya. Ta daɗe da rasuwa, tun Kaduna ba ta zama gari ba, Turawan mulki suna zaune a Zungeru.

An haife ta ran 24 ga watan Yuli 1847 a wani ƙaramin gari da ake kira Giengen, a kudancin ƙasar Jamus. Mahaifinta magini ne. Su huɗu ne wajen iyayensu: yayyenta mata biyu, Marie da Pauline, sai ita, sai ƙanenta Fritz. Tana da shekara ɗaya da rabi zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Zazzaɓin ya sauka, amma ƙafafu ba su sake ɗaukarta ba, hannun dama kuma ya raunana, in ta motsa shi sai ciwo. Sai daga baya likita ya gane cewa shan inna ne.

Ba sai na bayyana miki shan inna ba. Kowace unguwa a Arewa tana da wanda cutar ta taɓa. A zamanin Margarete babu rigakafi, domin allurar farko ba ta fito ba sai 1955, maganin da ake ɗiga wa yara a baki kuwa sai bayan wannan da 'yan shekaru. Mu nan Nijeriya sai a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama, a Jihar Borno, aka kuma tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita ran 25 ga Agusta 2020. Duk da haka akwai wani nau'in da ke ɓullowa inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, shi ya sa har yanzu masu ɗigawa suke zagaya gidaje. In sun yi sallama, uwargida, ki fito da yaran.

Mu koma Giengen. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin yarinyar nan shi ne yadda ta yi makaranta. Ba a bar ta a ɗaki ba. Kullum da safe 'yan'uwanta da yaran maƙwabta su ɗora ta a amalanke su ja ta har ƙofar makaranta. Ajin kuwa a saman bene yake. Sai wata mata da ke zaune kusa da makarantar ta fito ta sungume ta, ta hau da ita matakala ta zaunar da ita a aji. Ki duba yawan hannuwan da suka taru kafin yarinya ɗaya ta koyi karatu da lissafi. Kuma ta koya, har ta yi fice a aji. In an tashi, ita ce mai tara yara tana shirya musu wasa tana ba su labari, iyaye mata masu fita aiki har suna barin ƙanana a wajenta.

Iyayenta ba su zauna ba wajen neman magani. A 1856 aka kai ta garin Ludwigsburg wajen wani likitan yara, Dokta August Hermann Werner, aka yi mata aiki a ƙafa, aka kuma kai ta wanka a wani ruwan zafi da ake zuwa neman lafiya a Wildbad. Kuɗi suka tafi, ƙafafu ba su tashi ba. Ta dawo gida da sanin cewa a keken guragu za ta ƙare rayuwarta.

A nan zan ɗan tsaya. Da a wajenmu ne, me za a yi da yarinya irin wannan? Ba na son in yi wa kowa ƙazafi, akwai gidajen da suka riƙe nasu da mutunci suka sa su makaranta. Amma ke ma kin sha ganin 'yan mata irinta a bakin titi, a mahaɗar hanya, an ajiye su da kwano tun safe, alhali hannuwansu da idanunsu da ƙwaƙwalwarsu lafiya lau. Ƙafa ce kawai ta mutu. Da an ba irin waɗannan kwarashi da ulu na wata uku, da wata magana ake yi.

Margarete ta nace sai an sa ta makarantar koyon ɗinki. Ba da sauƙi ta koya ba. Hannun da kowa ke riƙe allura da shi, shi ne nata mai ciwo, saboda haka ta daɗe tana bayan sauran ɗalibai, aikinta a hankali, ga gajiya. Amma tana da shekara 17 ta zama cikakkiyar tela. Yayyenta sun riga sun buɗe ɗan shagon ɗinkin kayan mata a gida tun 1862, sai ta shiga taya su. Da aure ya ɗauke su, shagon ya rage a hannunta ita kaɗai.

Tana da wata baiwa kuma. Ta iya kaɗa wani abin kiɗa na ƙasarsu mai tsirkiya da yawa wanda ake kwantarwa a kan tebur, har tana koya wa wasu ana biyanta. Da irin wannan tari da na ɗinki aka sayi keken ɗinki, wanda shi ne na farko da ya shigo garin. Murna ta so ta koma ciki, domin abin juya keken a ɓangaren dama yake, hannun damanta kuwa ba zai iya ba, ƙafar takawa kuma babu. Sai ta juya keken gaba ɗaya, bayansa ya fuskance ta, abin juyawa ya koma hagu. Ke da kika san keke, ki ƙiyasta a ranki: komai ya birkice, yadin da ya kamata ya riƙa tafiya gaba yanzu wajenki yake tahowa. A haka ta saba, a haka ta yi shekaru tana ɗinki.

A 1874 mahaifinta ya gyara gida ya fitar mata da ɗakin aiki. A 1877 kuma, bisa shawarar mijin wata 'yar'uwarta mai suna Adolf Glatz, ta buɗe shagon tufafin wani irin yadi da ake yi a masana'antar garinsu. Yadin na gashin tumaki ne, ba saƙa shi ake yi ba, jiƙa gashin ake yi a danne shi har ya kama jikinsa, irin na hular dara. Amfaninsa shi ne in kin yanka bakinsa ba ya zarewa, ga shi da ɗumi. Tana ɗinka fatari da rigunan sanyi na mata da na yara, kasuwa ta karɓa, har ta ɗauki 'yan mata suna taya ta. Da labarin ya tsaya nan ma, ai ta yi abin a yaba: mace mai shekara 30 a keken guragu tana ci da kanta tana biyan wasu albashi.

Sai ga maganar giwa. A watan Disamba 1879 wata mujallar mata mai suna Modenwelt ta buga samfurin yadda ake yanka yadi a ɗinka 'yar ƙaramar giwa. Margarete ta gani, ta ɗauki guntayen yadin nan nata ta ɗinka, ta cusa mata gashin tumaki mai laushi. Niyyarta ba abin wasa ba ne. Ɗan matashi ne na soka allurai, irin wanda tela ke ajiyewa kusa da keke don kada allura ta ɓata, ta yi ne don ta raba wa mata 'yan'uwa da ƙawaye kyauta. Ashe yaran gidajen ne za su ƙwace. Duk inda giwa ta shiga sai yaro ya ɗauke, ya hana, ya kwana da ita a ƙirji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kayan wasan yaran Turai na wancan zamani na katako ne, ko kwano, ko tangaran. Masu tauri, masu sanyi, wasu in sun faɗi su fashe. Ba a saba ganin abin da yaro zai matse ya ji laushi ba. Margarete ba ta ƙirƙiro samfurin giwar ba, a mujalla ta gani kamar yadda ke ma kike kwaikwayon salon saƙa a wayarki. Nata shi ne ta lura da abin da yara suka yi da ita, ba ta tsawata musu ta ce wannan na allura ne ba.

Kada ki ɗauka nan da nan arziki ya sauko. A 1880, shekarar da kamfaninta yake lissafawa a matsayin mafarinsa, giwa 8 kawai aka sayar. Takwas! 'Yan shekarun da suka biyo baya ma tufafi ne ke riƙe da shagon, giwa tana gefe. Ƙanenta Fritz ne ya ga abin da sauran ba su gani ba. Ya kwashi giwayen ya kai kasuwar Heidenheim, wani gari kusa da su, suka ƙare tas. Kafin ƙarshen 1886 an sayar da fiye da 5,000. Daga nan sai ga biri, da jaki, da doki, da raƙumi, da kare, da kyanwa, da zomo, har da raƙumin dawa.

Ina so ki lura da wannan Fritz. Yawancin masu saƙa a gidajenmu ba iyawa suka rasa ba. Na ga hulunan jarirai da aka saƙa a Unguwar Shanu waɗanda sun fi na kanti kyau da ƙarko. Abin da aka rasa shi ne wanda zai fita da kayan daga tsakar gida, da kuma ƙarfin halin faɗin kuɗi. Sai mace ta sayo ulu a Babbar Kasuwa da kuɗinta, ta yi kwana 10 tana saƙa, 'yar'uwa ta zo ta ce kai wannan ya yi kyau, ta ɗauka, shi ke nan an biya da godiya. Kyauta tana da daɗi, giwar Margarete ma da kyauta ta fara. Amma ta rubuta abin da ta sayar tun shekarar farko, shi ya sa yau muka san guda 8 ne.

Na san wata za ta ce, to, mu Musulmi yaya batun siffar dabba? Tambaya ce mai kyau. 'Yar tsana dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kakanninmu sun yi ta da kara da ƙashi, suna yi mata kitso da ɗaurin zane. Ya kuma zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana tana wasa da su da ƙawayenta, har akwai wani doki mai fukafukai na ƙyalle a cikinsu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba. Da wannan ne malamai da yawa suka ware kayan wasan yara daga hukuncin gumaka. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba sai ta tambayi malaminta, hula da safa da shawul kuwa babu mai ja a kansu.

A 1890 Fritz, wanda ya gaji sana'ar gini, ya gina mata gida mai shago a ƙasa, aka tsara shi yadda za ta iya zirga-zirga da kekenta. A 1892 ta buga littafin samfurin kayanta na farko. A cikinsa ne ta bayyana ƙa'idar da ta riƙe har mutuwarta, cewa abin da za a ba yaro dole ya zama mafi kyawun abin da hannu zai iya yi. Mu kan yi akasin haka, mu ce ai na yaro ne, kowane ragowar zare ya isa. Alhali babba ba ya tauna hularsa, jariri kuwa duk abin da ya kama sai baki. Saboda haka in kina saƙa wa jariri dabba, kada ki maƙala mata idon maɓalli ko dutsen ado, zai ɓalle ya haɗiye ko ya shaƙe shi. Ki yi idon da baƙin zare. Ki wanke ulun ki ga ko yana zuba, ki ja kunne da wutsiya da ƙarfi kafin ki ba da, kada kuma ki bar dogon igiya a hula ko riga wanda zai naɗe wuya.

A 1893 aka yi wa sana'ar rajista a matsayin masana'antar kayan wasa. A lokacin teloli 4 ne a shago, 10 kuma a gidajensu suke ɗinki a zo a karɓa. Wannan tsari na aikin gida shi ne ƙashin bayan kamfanin, kuma shi ya fi dacewa da irin zamanmu, inda mace ke da goyo da girki, wata ma ba ta fita sai da dalili.

Margarete ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. 'Ya'yan Fritz maza ne suka zama nata, suka riƙa shigowa sana'ar ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan rasuwar mahaifinsu a 1900. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Richard, wanda ya shigo a 1897 bayan ya yi karatun zane a Stuttgart. Yaro ne mai son zama a gidan dabbobi yana zana su. A 1902 ya tsara wata dabba ta ƙasashen sanyi da ake kira beyar, mai yawan gashi, wadda ke iya tsayawa da ƙafa biyu. Tsawon abin wasan santimita 55, an yi jikinsa da yadin gashin akuyar Angora, hannuwa da ƙafafu kuma suna motsi.

Gwaggon tasa ba ta gamsu ba. Tana ganin abin ya yi girma, yadin ga tsada, wa zai saya? Ni a ganina nan ne ta nuna hankalinta fiye da ko'ina, domin duk da shakkarta, kuma ita ce mai shago, ta bar yaron ya gwada. Aka kai beyar ɗin bajen kolin Leipzig, irin wanda ake yi mana a hanyar Zariya amma nasu ya daɗe ƙwarai. Wannan a watan Maris 1903 ne, watan da Turawa suka shiga Sakkwato. Ana dab da tashi sai wani mai saye daga Amurka ya gani, ya ce a yi masa 3,000.

Sa'a kuma ta haɗu da shiri. A watan Nuwamba 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda ake yi wa laƙabi da Teddy, ya fita farauta a Mississippi, aka ɗaure masa beyar a jikin itace don ya harba, ya ƙi. Jarida ta yi zanen abin, labari ya bazu, wasu masu kanti a New York, Morris Michtom da matarsa Rose, su ma suka ɗinka nasu beyar ɗin. Daga nan sunan tedi ya samo asali, wanda har yau 'ya'yanmu ke kiran duk wata dabba mai laushi da shi.

Abin da ya biyo baya sai ka ce ambaliya. A 1903 aka gina sabuwar masana'anta ta ƙarfe da gilashi don haske ya wadaci masu ɗinki, aka yi mata gangara maimakon matakala kawai, domin a tura keken mai gidan har sama ta duba aiki da idonta. Yarinyar da ake sungumawa a hau da ita aji, ga ta da ginin da aka tsara don ita. Masu kwaikwayo suka yi yawa, sai wani ɗan Fritz mai suna Franz ya kawo dabara a 1904: a maƙala ɗan maɓallin ƙarfe wanda ba ya cirewa a kunnen kowace dabba, shaidar cewa daga gidan Steiff ta fito. A shekarar ce kuma kayansu suka ci babbar lambar yabo a bajen kolin duniya na St. Louis a Amurka. A 1907 kaɗai an ɗinka tedi 973,999. Ma'aikata 400 ne a masana'anta, 1,800 kuma a gidajensu.

Ba a daɗe ana wannan daɗi ba. Tattalin arzikin Amurka ya girgiza, a 1908 masu saye suka janye, kaya suka yi kwantai, dole aka sallami ma'aikata da yawa, a ƙaramin garin da kowa ya san kowa. Margarete ta ga wannan da idonta, ga shekaru, ga jiki ya gaji. Ciwon huhu ya kama ta, ta rasu ran 9 ga watan Mayu 1909 a garin da aka haife ta, tana da shekara 61.

'Ya'yan ƙanenta suka ci gaba da riƙon kamfanin, ya tsallake yaƙin duniya biyu, har yau yana nan a Giengen da sunanta. Titin da Fritz ya gina mata gida ma sunanta aka sa masa. A 2005, da sana'ar ta cika shekara 125, aka buɗe gidan tarihi a garin inda iyaye ke kai 'ya'yansu kallo. Maɓallin kunne kuwa har yanzu ana sa shi. Na farkon da aka buga a 1904 ba harafi ba ne a jikinsa, hoton 'yar giwa ne.